Mariƙan Wandon Lemuel

Litinin, 4 ga Oktoba, 1897, da hantsi

An ɗauki Lemuel! Jikana Lemuel Pettiford yana cikin sha ɗayan da za su yi wa Kwalejin Marrow Creek wasan ƙwallo bana, irin wadda ake runguma a yi gudu da ita. Malama Ames ta ajin yamma ta koya mana mu fara da yadda gari ya waye, amma yau garin ya jira.

Da gudu ya faɗo shago, ina tsakiyar gyaran linzami.

"Kaka, ajiye wannan, an ɗauke ni!"

"An ɗauke ka a kai ka ina? Kai da iska ma ke ɗauka?"

"To ai saboda rashin nauyin ne, tsoho."

Ya yi mini bayani. Idan sahu biyu suka haɗa ƙirji, aka rasa ta inda za a kutsa, sai a miƙa ƙwallo ga wanda ya fi kowa rashin nauyi, ya rungume ta, ƙarti biyu su kama shi ta ƙugu su wurga shi ta saman kawunan mutane. Malam Hargrove mai koya musu wasan ne ya karanto haka a wani ɗan littafi daga Arewa. Don haka ana so a ɗinka wa wandonsa mariƙi biyu na fata, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Wato jifa za a yi da kai kamar buhun masara."

"Kamar tsuntsu."

"Kamar buhu."

Ya bar mini wandon. Shekara hamsin ina ɗinka wa alfadarai kaya, yau zan ɗinka wa jikana.

Laraba, 6 ga Oktoba, da azahar

Na gama. Ƙirgin majayi na yanka, na sa wata fatar ta ciki don kada yadin ya yage. Allura biyu, zare mai kakin zuma, kowane rami zare biyu sun gifta juna, in ɗaya ya tsinke ɗaya na riƙe. Na rataye wandon a azarar rufi na kama mariƙan na ɗaga ƙafafuna. Ko ƙara bai yi ba.

Na ce wa Lemuel ya zo ya duba ɗinkin. Ya ce, "Aikinka ne, Kaka, me zan duba?" Ya suri wando ya fice. Bai taɓa son zama ya koya ba. Ƙaramar kujerar da ubansa Josiah ke zama kafin ya rasu tana nan a lungu, na ɗora mata gwangwanin ƙusa.

Asabar, 9 ga Oktoba, da yamma

Mun ci Piney Fork huɗu da babu. Lemuel ne ya kawo huɗun. Amos da Virgil, ƙartin biyu, suka kama mariƙan nan suka lilo shi, sai ga yaro a sama, gashinsa da ya tara tun bazara ya miƙe, ya dira bayan layi da ƙwallo a ƙirji. Na yi ihu har haƙorina na gaba ya motsa.

Fasto Broadnax, uban Zilpha uwar Lemuel, yana kan dandamali kusa da shugaban kwaleji, a kujera mai hannu. Ni ina bayan igiya da sauran jama'a. Wani baƙo ya tambayi na kusa da ni, "Yaron nan na wane ne?" Aka ce, "Jikan Fasto Broadnax ne."

Na ce, "Sunansa Pettiford."

Ana ta hayaniya, ba wanda ya ji. Ban damu ba.

Lahadi, 10 ga Oktoba, bayan coci

Fasto ya sa Lemuel a huɗuba. "Jinina," in ji shi, har sau biyu. Daga nan duk 'yan wasan suka wuce gidansa cin soyayyar kaza.

Na gasa dankali shida da safe, ko da zai biyo. Na ci huɗu.

Laraba, 13 ga Oktoba, da safe

Takardar labaran kwaleji ta fito. Na bi ta da yatsa sau uku. "Ƙaramin Lemuel, jikan Fasto T. Broadnax mai daraja." Babu Cato Pettiford ko a gefe. Babu maganar mariƙi.

A zamanin bauta, inda na tashi, bulala ake yi wa wanda aka kama da takarda. Ina da shekara sittin da uku na zauna a bencin ajin yamma, gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Lemuel ne ke sauraron haddata a shago, yana ɗan shekara goma, yana dukan tebur da basilla in na yi kuskure. Fasto kuwa da 'yanci aka haife shi, da littafi ya tashi. Na sha wannan wahala duka don in iya karanta sunan wani a jikin jikana.

Ban damu ba. Takarda ce, an kunna murhu da ita.

Asabar, 16 ga Oktoba, da yamma

Sun je Cedar Bluff, an ci su sha biyu da babu. A keken dokin Fasto aka tafi da shi. Kayan da ke jikin dokin ma ni na ɗinka.

Talata, 19 ga Oktoba, da la'asar

Lemuel ya zo. Tsohon wandon ya yage daga gwiwa har cinya a Cedar Bluff, 'yan matan ajin ɗinki sun yi masa sabo. Ya ɓalle mariƙan daga tsohon, yana so in mayar a sabon kafin Asabar.

Akwai sarƙar agogo a aljihunsa. Fasto ya ba shi tsohon agogonsa na azurfa. Sau biyu ya ciro ya duba yana tsaye a gabana.

"Sauri kake?"

"Kaka Fasto ya ce mu hallara ƙarfe biyar, zai yi mana addu'a."

Na ce ina da kayan alfadaran masu jan auduga. Ya ce ai aikin awa ɗaya ne a wurina. Sai na faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Ya tsaya yana kallona. Ya naɗe wandon ya sa a hammata, ya kwashi mariƙan, ya fita. Bai buga ƙofa ba. Da ya buga da ya fi mini.

Laraba, 20 ga Oktoba, da yamma

Bai zo ba.

Alhamis, 21 ga Oktoba, da azahar

Na shafa wa zare kaki, na zura allura biyu. Haka kawai.

Juma'a, 22 ga Oktoba, da la'asar

Kayan alfadarai sun ƙare tun jiya. Daga nan zuwa gidan Fasto tafiyar minti goma ce. Yaro ne ya kamata ya zo wurin babba.

Asabar, 23 ga Oktoba, da hantsi

Ba zan je filin ba. Ƙugu na ciwo.

Ranar dai, da yamma

Na je.

Na ga mariƙai a wandonsa tun daga nesa, na ce a raina ashe sun samu wani baduku. An yi ruwa jiya, filin duk laka. Ana gab da tashi Amos da Virgil suka kama mariƙan don su wurga shi. Na hagu ya riƙe. Na dama ya taho a hannun Amos.

Ya juya a sama. Ba da ƙirji ya sauka ba.

A kan ƙyauren ɗakin ajiya aka ɗauke shi zuwa gidan Fasto, inda yake zaune da uwarsa. Amos ya tsaya yana kallon fatar da ke hannunsa, ya yar da ita, ya bi su yana kuka. Na tsince ta. Zaren ɗinkin riga ne, allura ɗaya, babu fatar ciki. Tana aljihuna.

Lahadi, 24 ga Oktoba, da safe

Ban je coci ba.

Litinin, 25 ga Oktoba, da azahar

Dilsey maƙwabciyata mai sayar da burodin masara ta leƙo. Ta ce yana magana, yana cin abinci, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Likita ya soka masa allura a tafin ƙafa bai sani ba. Ya ce a jira, wani lokaci yana dawowa, wani lokaci ba ya dawowa.

"Baba Cato, ba za ka je ba?"

"An kira ni?"

"Sai an kira ka? Kai da taurin kai, alfadaran nan a wurinka suka koya."

Ba ni na ɗinka ba.

Laraba, 27 ga Oktoba, da la'asar

Na kai har shingen gidan. Tagar ɗakin ƙasa a buɗe take. Fasto na zaune a bakin gado da tabarau yana karanta masa littafi, hannunsa ɗaya a kan goshin yaron. Murya mai daɗi, ba ya tuntuɓe ko a kalma ɗaya. Ni da zan karanta masa, da sai ya riƙa gyara mini.

Ko a ciwo ma shi ne. Na dawo.

Allah ya gafarta mini, wannan ne abin da na fara ji, kafin tausayi.

Alhamis, 28 ga Oktoba, da safe

Ba ni na ɗinka ba. Ko Zilpha ce, ko 'yan matan ajin ɗinki. Wa ya gaya musu fata riga ce?

Asabar, 30 ga Oktoba, da yamma

An ci kwaleji ashirin da biyu da babu. Daga shago na ji shirun.

Lahadi, 31 ga Oktoba, da azahar

Na sauke gwangwanin ƙusa daga kujerar Josiah, na goge ta, na sake mayar da gwangwanin.

Aikin awa ɗaya ne. Shi ma ya faɗa.

Talata, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Fasto Broadnax ya zo shagona. Shekara ashirin muna surukai bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Yau ya shigo, ya cire hula, ya rasa inda zai zauna. Ban nuna masa ba.

"Ɗan'uwa Pettiford."

"Fasto. Linzami ne ya tsinke?"

"Yaron na tambayarka kullum."

"Ai yana da mai karanta masa."

Ya murza bakin hular. Sai na ciro mariƙin daga aljihu na ajiye a kan tebur tsakaninmu. Na ce ina so in san wace ce ta yi wannan, don in koya mata bambancin fata da ɗankwali.

Ya ce, "Ni ne."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ya ce ranar Talatar nan Lemuel ya dawo gida ya cusa wandon a ƙarƙashin gado, ya ce ba zai yi wasa ba, don ba hannun da zai taɓa mariƙan nan sai na Kaka Cato. Zilpha ta lallashe shi ya ƙi. Ranar Juma'a sai Fasto ya ɗauki wandon ya shiga ɗakin karatunsa da allurar 'yarsa, ya kulle ƙofa. Da ya gama ya ce wa yaron ya kai mini, na huce, na ɗinka.

"Ka ce masa ni na ɗinka?"

"Na ce."

"Bai duba ba?"

"Ya ce aikin Kaka ba a dubawa."

Na zauna.

"Me ya kai ka, Fasto? Kai da ko maɓallin rigarka ba ka taɓa mayarwa ba?"

Sai ya ɗaga murya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga ta ba sai a mumbari. "Ka san abin da nake ji a teburina? Kaka Cato ya ce. Kaka Cato ya rataye kansa a azara. Kaka Cato ya koyi karatu da furfura. Yaran nan sun cinye mini kaji tara suna sauraron labarin ɗinkinka! Na ba shi agogon ubana, ya ce zai kawo maka ka yi masa gidan fata. Na ce sau ɗaya dai, ni ma in yi masa wani abu da hannuna."

Agogon nan. Ashe abin da ya sa yake ta ciro shi a gabana ke nan.

Ya ce har yanzu yaron na zaton ɗinkina ne ya tsinke. Ya hana kowa faɗa a gari, wai kada a daina kawo wa Kaka aiki. Yana zaton kunya ce ta hana ni zuwa.

"Na kasa gaya masa. Kwana goma ina buɗe baki ina karanta masa littafi maimakon haka. Ka zo ka gaya masa. Ka kawo fatar ka nuna masa, haƙƙinka ne."

Ya tafi. Ga mariƙin a gabana. Idan na nuna shi gobe, Lemuel ba zai ƙara kiran mutumin nan Kaka ba. Wata guda ke nan ba abin da nake so kamar haka.

Laraba, 3 ga Nuwamba, da yamma

Na je, da mariƙin a aljihu.

Ya rame. An aske gashin nan. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi, rabin jikinsa ya ƙi bin sa.

"Tsoho. Sai yau? Na ɗauka alfadari ya harbe ka."

"Buhu ba ya magana."

Ya yi dariya, sannan ya kama hannuna. "Kaka, kada ka sa a ranka. Laka ce ta jiƙa zaren. Kowa na iya kuskure."

Fasto na tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa kamar toka. Hannuna na cikin aljihu a kan fatar. Na ji ramukan allurarsa da yatsana, a karkace, wasu kusa wasu nesa. Sun fi arba'in. Mutumin ya daɗe a kai. Dole ya soki kansa ba sau ɗaya ba.

Na fito da hannuna babu komai.

Na ce, "Laifina ne, Lemuel. Ka kawo mini aikin awa ɗaya, na ce ka kai wa kakanka mai agogo." Ga ta nan, na rubuta ta.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Fasto ya tako ciki ya ce, "Kuma kakanka mai agogo ya ɗinka, ya yi maka ƙarya." Ya faɗi komai, a tsaye, ba tabarau.

Lemuel ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe. Zilpha ta toshe baki da gefen riga.

"Wato," in ji shi, "ba Amos da Virgil ne suka jefa ni ba. Ku biyu ne."

Ya juya fuskarsa ga bango.

"Ku fita. Dukanku. Ina so in yi barci."

Muka fita muka zauna a matakalar gida, ni da Fasto, kamar yaran da aka kora daga aji. Zilpha ta kawo mana kofi ta dangwarar, ta koma ciki.

Juma'a, 5 ga Nuwamba, da azahar

Ya yarda mu shiga, amma ɗaya bayan ɗaya. Fasto da safe, ni da rana. Nasa ya fi nawa da kusan rabin awa. Na lura.

Litinin, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Ina murza masa ƙafafu da man da nake tausasa fata. Likita ya ce ba zai yi amfani ba, ba zai cutar ba.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, da azahar

"Kaka, hannunka kamar dutsen niƙa. Sassauta."

Na ci gaba da murzawa, sai da na kai diddige sannan maganar ta shige ni.

"Me ka ce?"

"Na ce kana ji mini ciwo."

Na yi ihu. Fasto ya fito daga ɗakin karatu da alƙalami a hannu, tawada har gemu. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa muna kallo, sau biyu. Ni ne a ɗakin lokacin. Ina so a rubuta wannan. Ni ne a ɗakin.

Talata, 16 ga Nuwamba, da yamma

Likita ya ce a yi masa ɗamarar fata mai tauri ta riƙe baya. Na auna, na yanka. Fasto ya zo shago ya riƙe mini gefe ina huda. Bai iya riƙo ba, amma bai saki ba. Na nuna masa yadda allura biyu ke gifta juna. Ya kalla ya ce, "Ashe haka ne."

Asabar, 20 ga Nuwamba, da la'asar

Lemuel ya tsaya, da ɗamara da sanduna biyu. Taku shida zuwa taga. An ci kwaleji, su goma mu huɗu. Wa ya damu?

Talata, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Yana nan! Yana cikin shagona yanzu haka da nake rubutu!

Da ƙafarsa ya zo. Tafiyar minti goma ta ɗauke shi kusan awa, Amos na binsa a baya da hannu a buɗe, shi kuma yana korarsa. Ya shigo yana haki, da wani wando a kafaɗa. Na wani ɗan aji ɗaya ne, Orrin, shi za a jefa jibi a wasan bikin Ranar Godiya, na ƙarshe bana.

Na ce ba zan ƙara ɗinka abin jifan ɗan mutane ba.

"Za su jefa shi ko ka ɗinka ko ba ka ɗinka ba, Kaka. Mun riga mun ga abin da ke faruwa in ba ka ɗinka ba."

Na miƙa hannu in karɓi wandon, ya janye.

"A'a. Ni zan yi, kai ka tsaya a kaina. Na sa wando na hau sama ban san mene ne ke riƙe da ni ba. Ba zan ƙara ba. Ina basillar?"

Ya nuna lungu da sanda. Na sauke gwangwanin ƙusa.

Fasto ya aiko da matashi don kujerar, mai fure-fure, ɗinkin gidansu. Na so in ce kujerar Pettiford ba ta buƙatar matashi. Na bari. Agogon ma yana kan tebur, na auna shi, za a yi masa gida.

Ramukan farko uku a karkace, na sa ya warware. Ya ce, "Kai tsoho, ka fi Malam Hargrove mugunta." Na ce shi ma haka ya yi mini da haruffa, har da dukan tebur. Na huɗun ya miƙe. Na biyar ya miƙe. Yana cije leɓe irin na ubansa. In ya gama ni zan rataya a azara in gwada, a gaban kowa.

Dilsey, rufe tandar nan ki zo. A kira Zilpha. A gaya wa Malama Ames ta sallami aji, a gaya wa Malam Hargrove da ƙartinsa duka, da mai rubuta takardar kwaleji, ya taho da fensirinsa ya tambayi sunan mai shagon. Fasto ma ya zo, akwai wuri a bakin tebur. Ƙofa a buɗe take har faɗuwar rana. Ku zo ku ga jikana a kujerar ubansa, ƙafafunsa biyu a ƙasa, allura biyu a hannu. Ku zo ku gani!